Manyan Kalmomi Ba Su Cin Jarrabawar Turanci

Kwanakin baya ina cikin zagayen duba makarantu na sauka a wani gari, sai wani akawu na ofishin ƙaramar hukuma ya zo ya same ni a masauki bayan sallar la'asar. Mutum ne kamili mai iyali, ya haura shekara talatin da haihuwa, ya kuwa shekara goma sha ɗaya a kan kujera guda bai motsa ba. Da muka gaisa sai ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka duba mini wannan ka gaya mini gaskiya. Sau uku ke nan ina zaman jarrabawa, ko wane fanni na ci, Turanci kaɗai ya ƙi ni. Ga shi kuwa duk ofishinmu ba wanda ya fi ni sanin manyan kalmomi."

Na karɓa na duba. Wasiƙa ce ta gwaji, yana roƙon shugabansa hutun kwana uku don ya je ya duba mahaifiyarsa. Ta cika shafi guda da rabi, ga kuwa yadda ya soma ta: "I hereby crave your magnanimous indulgence to expatiate on the calamitous indisposition which have bedevilled my maternal parent since three days." Na karanta har ƙarshe ban ga inda ya faɗi ranar da zai tafi ba, balle ranar da zai komo. Na ce masa, "Malam, da a ce da Hausa za ka faɗa wa maigidanka wannan magana, me za ka ce?" Ya ce, "Sai in ce tsohuwata ba ta jin daɗi, ina roƙon a ba ni kwana uku daga Litinin in je in gano ta." Na ce to, ai wasiƙar ke nan, na rubuta masa: "My mother is ill. May I have three days' leave from Monday to visit her?" Ya yi shiru yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan Turancin 'yan firamare ne."

Wannan amsa tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata ba shi kaɗai ke da wannan zato ba. Da yawa daga cikin malamai da akawuna, har da yaran da malaman ke shiryawa, sun ɗauka cewa Turanci mai zurfi shi ne mai dogayen kalmomi, irin waɗanda sai an buɗe ƙamus kafin a san inda suka dosa. Masu duba takardun jarrabawa kuwa ba da wannan mudu su ke awo ba. A cikin dogon layin nan na abokinmu akwai kure biyu da jan alƙalami zai hau nan take. Ya ce "which have" inda ya kamata ya ce "which has", ya kuma ce "since three days" inda Bature zai ce "for three days". Manyan kalmomin nan ba su ƙara masa ko rabin maki ba, ƙananan da ya rena kuwa su suka kayar da shi.

Bari mu fara duban abin da a ke tambaya tukuna. Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, an kafa ta a 1952, kafin nan kuwa jami'o'in Ingila ne, irin su Kambirij da Landan, ke shirya wa 'yan makarantunmu jarrabawa. Ƙasa biyar ke cikinta: Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya, da Laberiya. Nan Nijeriya kuma akwai NECO wadda aka kafa a 1999, ga kuma JAMB ta 1978, wadda ko wane fanni mutum ya ke nema tilas ne ya ɗauki takardarta ta Turanci. Ko ta wace hanya ka bi, ƙofa guda za ka tarar: jami'a tana neman kiredit a Turanci, watau daga A1 zuwa C6. Wanda ya tashi da D7, ko da ya yi zarra a lissafi da kimiyya, sai ya koma ya sake biyan kuɗin zama. Na ga malamin da wannan maki guda ya tsare shekara da shekaru, yaran da ya koyar suka wuce shi suka komo suka zama shugabanninsa.

Bisa ga tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, Turanci takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa a kan kalmomi da nahawu. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci. Ta biyu ita ce uwa, maki 100 gare ta: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Kada wani ya ce Bahaushe ba ya iya Turanci, domin tarihi zai ƙaryata shi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna wajen fitar da ɗalibai masu tsabtar Turanci a baki da alƙalami. Cikinsu akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin Midil ta Bauci, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da Turanci, wanda kuma saboda daɗin lafazinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Abin lura shi ne mutumin nan shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, aka buga a 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, shi ma ɗan Kwalejin Katsina. Watau gwanayen Turancin nan gwanayen Hausa ne tun farko. Saboda haka ban yarda da al'adar nan ta waɗansu makarantu ba, ta cin yaro tara ko dukansa don an ji ya yi Hausa a harabar makaranta. Abin da ta ke haifarwa shi ne yaro ya kama bakinsa ya yi gum, ba Hausar ba Turancin.

Amma fa gaskiya ce harshen uwa yana jan mutum, kamar yadda doki ke ja zuwa turkensa. Alherin da ke ciki shi ne wuraren da Hausa ke jan mu sanannu ne, ana iya ƙirga su, wanda kuwa ya san inda rami ya ke a hanya ba ya faɗawa ko da dare ne.

Ɗauki kalmar "ji". Mu kan ji magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji gishiri a miya, mu ji Larabci. Kalma guda ta ishe mu. Turawa kuwa sun raba ta biyar: "hear", "smell", "feel", "taste", "understand". Shi ya sa yaro ya kan rubuta "I am hearing the smell of smoke", har ya yi mamaki da aka ja masa layi. Haka "sha". Ruwa ne kaɗai da makamantansa a ke yi wa "drink". Magani "take" a ke yi masa, taba "smoke", mangwaro kuwa "eat". Haka kuma "ara", wadda a wurinmu ta ke aiki ta ko wane gefe: na ari littafinsa, ya ara mini littafinsa. A Turanci mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend", don haka "borrow me your pen" kure ne ko da dukan 'yan aji haka su ke faɗa. Kowa kuma ya san "ina zuwa" ɗin da mu ke faɗa sa'ad da muka juya baya za mu fita. In ka mai da ita "I am coming", baƙo sai ya tsaya yana dubanka, ya rasa dalilin da ya sa mai zuwa ya ke nisa.

Inda aka fi asarar maki shi ne sha'anin lokaci. Bahaushe ya ce "ya tafi Kano", magana ta cika, ko jiya ne ko bara ko yanzun nan, sauran zance shi zai nuna. Bature kuwa sai ya zaɓa tsakanin "he went", da "he has gone", da "he had gone", ko wace da muhallinta. Ga wata ƙa'ida mai sauƙi da na kan ba ɗalibai: muddin ka ambaci lokacin da abin ya faru, jiya ko makon jiya ko 1999, to "has" ba ta da wurin zama. "He has gone yesterday" kure ne. Sa'an nan ga "ina da" da "ina gani", waɗanda siffarsu ta ci gaba ke sa mu rubuta "I am having two brothers" maimakon "I have".

Wajen ƙirga kuwa Hausa na jan mu ta fuska biyu masu saɓa wa juna. Mu kan ce shekara biyar, mutum goma, ba mu damu da jam'i ba tun da adadi ya riga ya faɗa; sai yaro ya rubuta "five year". Ta ɗaya fuskar muna da kayayyaki da shawarwari da bayanai, sai ya rubuta "furnitures" da "advices" da "informations", alhali waɗannan kalmomi ba su ɗaukar jam'i a Turanci. Ga kuma 'yan ƙananan nan, "a" da "the". Na sayi doki, Hausa ta cika. "I bought horse" kuwa gurguwa ce. A ganina ba abin da ya fi su wuyar kamuwa a Turanci duka, ba kuwa su shiga da hadda, sai da yawan karatu har kunne ya riƙa jin giɓinsu da kansa.

Akwai wata mai ban dariya, ko da ya ke ta kan jawo rigima. In aka tambayi Bahaushe, "Ba ka sha maganin ba?" sai ya ce "I", yana nufin haka ne, bai sha ba. Bature a nan "No" zai ce. Wanda duk ke shirin jarrabawar da a ke zama da mutum ido da ido, irin IELTS da masu neman karatu ko aikin jinya a Ingila ke ɗauka, ya lura da wannan.

Maganin duk waɗannan ba shi da tsada. Ka sami ƙaramin littafi na aljihu ka keɓe shi don kurakuranka kai kaɗai. Duk sa'ad da aka gyara maka rubutu, ka kwafe layin da ka ɓata a shafin hagu, daidansa a shafin dama, a ƙarƙashi kuma ka rubuta Hausar da ta ja ka. Kafin wata biyu za ka ga abin mamaki: kurakuran da ka ke tsammani ba su ƙirguwa, ashe iri shida ne ko bakwai ke ta komowa cikin sabuwar riga. Malamin aji ma ya kamata ya riƙe irin wannan littafi don ajinsa, ya daina bin littafin nahawu babi babi kamar mai bin layin dogo. Littafin nahawu an rubuta shi ne don duniya duka, bai san Bahaushe ba.

To, mu komo kan lissafin nan na ɗazu. Taƙaitawa maki 30 gare ta, ta fi auna fahimta, amma a zagayena ba abin da na ga an fi yi wa sakaci kamarta. Sau da yawa sai jarrabawa ta rage mako uku a ke tunawa da ita, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Abin ya fi ba ni mamaki game da akawuna, domin taƙaitawa ita ce sana'arsu. Magatakardan kotu ya kan saurari ƙara ta sa'a guda, da rantse-rantse da tone-tonen asali, ya rubuta ta cikin layi biyar. Mai ɗaukar bayanin taron majalisa haka ya ke yi. Akawunan En'e na dā, kafin a rushe ta a kafa ƙananan hukumomi a 1976, sun san wannan sarai, domin wayar tangaraho kalma kalma a ke biyan kuɗinta, wanda ya cika surutu kuwa ma'aji zai tambaye shi dalili.

A jarrabawa a kan ba ka dogon rubutu, a ce ka fito da manufofinsa cikin 'yan jimloli ƙididdigaggu, sau da yawa shida. Ga yadda na ke koya wa ɗalibai. Ka fara karanta tambayar kafin rubutun, don ka san abin da ka fito farauta. Ka karanta rubutun sau biyu. Sa'an nan ka kife takardar, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da marubucin ke nufi, kamar kana ba ƙanenka labari. Wannan mataki shi ne asirin abin, domin ba ka iya mai da magana Hausa sai ka fahimce ta, amma kana iya kwafe ta da Turanci ba tare da ka gane kome ba. In Hausar ta fito sumul, sai ka mai da ita Turanci da kalmominka, cikakkiyar jimla mai kai da ƙafa. Masu dubawa suna rage maki ga wanda ya kwafo layin marubuci ɗungurungum, da wanda ya rubuta guntun zance ba jimla ba, da wanda ya cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba.

A nan ne fa sanin kalmomi ke da rana, sai dai ba irin na abokinmu ba. Kalmar da a ke bukata ita ce mai tattara abubuwa da yawa cikin tafin hannu guda. In marubuci ya ɓata layi uku yana lissafa shanu da tumaki da awaki da raƙuma, kai ka ce "livestock". In ya lissafa gero da dawa da masara da shinkafa, ka ce "cereals". In ya yi sakin layi guda a kan kwalara da taifot da atuni da a ke kamuwa da su a rijiyar da ba ta da murfi, ka ce "water-borne diseases". Wannan shi ne Turanci mai zurfi, kuma ɗan firamare ba ya iya shi. Wanda ke son ƙwarewa ya ɗauki sharhin jarida guda ko wace rana ya matse shi cikin jimla shida. Ba ya cin fiye da minti 20.

Sai insha'i. A nan babbar cuta ita ce hadda. Yaro ya haddace insha'i uku ko huɗu daga wani ɗan littafin kasuwa, ya shiga ɗakin jarrabawa yana addu'a ɗaya daga ciki ta fito. In ba ta fito ba sai ya lanƙwasa wadda ya haddace ya ɗora wa tambayar, a tambaye shi gyaran kasuwar garinsu ya ba da labarin bikin salla. Kayan aro ba ya rufe katara, mai dubawa kuwa ya riga ya ga wannan insha'i sau ɗari. Ana neman kalma 450. Daga cikin maki 50, an ware 10 don abin da ka faɗa, 10 don tsarinsa, 20 don yadda ka sarrafa harshe, 10 kuma don tsabtar rubutu, watau nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin tsayawa. A wannan kashi na ƙarshe ko wane kure rabin maki ne, saboda haka kure 20 sun cinye shi ƙurmus. Mai dogayen jimloli masu rassa shi ya fi saurin kaiwa 20 ɗin.

Wani abu kuma game da wasiƙa. Mu Hausawa ba mu shiga zance sai mun gaisa, mun tambayi gida da yara da gajiya, wannan kuwa tarbiyya ce mai kyau. A wasiƙar aboki ko ta iyaye, a gaisa. Amma wasiƙar ofis ta Turanci ba ta da zaure: adireshi biyu, kwanan wata, kan magana, sai ka faɗa cikin bukatarka tun a layin farko, ka rufe da "Yours faithfully" da sa hannu da cikakken suna. Ban da kuma gajerce-gajercen nan na saƙon wayar hannu, su "u" da "pls", waɗanda hannu ya saba da su har su kan silale cikin takardar jarrabawa mutum bai sani ba.

Takardar furuci ba zan daɗe a kanta ba. A Nijeriya rubuta ta a ke yi, ba wanda zai saurare ka, sai dai a ba ka kalma a ce ka zaɓo wadda ke da sauti irin nata. Amma wanda bakinsa bai bambanta "pan" da "fan" ba, ko "vote" da "boat", ko "think" da "sink", alƙalaminsa ma ba zai bambanta ba. Madubi ya isa malami: wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa, wajen "f" haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. A kula kuma da ɗabi'armu ta tsarma wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta mai da "bread" burodi, da kuma baƙaƙen da a ke rubutawa ba a furtawa, kamar na cikin "debt" da "listen" da "sword". Muna da tamu riba a nan. Kunnen da ya saba rarrabe wuya ta jiki da wuya ta wahala da karin sauti kaɗai, ba zai sha wahala ba wajen gane inda nauyi ya faɗa a "record" ta suna da "record" ta aiki, in dai an nuna masa sau ɗaya. Akwai kuma wata dabara ta tsofaffin malamai: ka saurari labaran duniya da Hausa, a sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957 ko a wata tasha, sa'an nan ka saurare su da Turanci. Tun da ka riga ka san labarin, kunnenka sai ya sami sarari ya bi yadda a ke faɗarsa.

Duk wannan ba ya yiwuwa ga mutum shi kaɗai, domin ido ba ya ganin kansa. Sai an sami mai gyara. Ku malamai, na san aji ya cika, wani ya haura yara 80, ba mai iya duba insha'i 80 ko wane mako. To, a rage tsawo a ƙara yawa: sakin layi guda da aka duba da kyau aka sa yaro ya sake rubutawa ya fi shafi biyu da aka yi wa "seen" aka mayar. Ku akawuna kuwa, ku haɗa kai ku biyu ko uku, ku riƙa musayar takardu, ku nemi wani malamin sakandare ya duba muku ko sau biyu a wata. In jarrabawa ta rage wata guda, a ɗauko tambayoyin shekarun baya a aje agogo a gaba, a ba takarda ta biyu sa'a biyu cur kamar yadda za a yi a ɗakin jarrabawa, domin da yawa sun san amsar taƙaitawa amma insha'i ya cinye musu lokaci kafin su kai gare ta.

Haka muka shirya da abokina akawu kafin in bar garin. Ko wace Jumma'a ya kan aiko mini da taƙaitawa guda da wasiƙa guda ta hannun wani direban motar haya, in duba in mayar masa ran Litinin. A wasiƙarsa ta farko na ƙirga kure 23. A ta makon jiya huɗu na samu, ɗaya daga ciki kuwa "furnitures" ce, karo na uku ke nan. Ya riga ya biya kuɗin jarrabawar ƙarshen shekara, ya kuma rubuto yana tambaya ko zan yarje masa ya sa "magnanimous" ko sau ɗaya ne a cikin insha'insa. Na ce ya bari sai sakamako ya fito.